Wai sanyi ne ya hana Hitila shiga Mosko? Mu bi kwanakin a jere

Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyun nan wani guntun bidiyo ke ta yawo a waya, na san da yawanku kun ci karo da shi. Sojojin Jamus ne cikin dusar ƙanƙara, wani ya naɗe kai da mayafin mata, wani na hura wuta a ƙarƙashin tanka don inji ya tashi, sai aka rubuta a sama wai sanyi ne ya ci Hitila da yaƙi a Rasha. Hotunan dai na gaske ne, ba na musu, an sha sanyin kuma ya kashe mutane. Matsalar ita ce an ɗauko ƙarshen labari an kafa shi a farko. Kafin wannan mugun sanyin ya sauko, tafiyar Jamusawa ta riga ta mutu a hanya, kai akwai ma makonnin da su da kansu suke addu'ar sanyin ya zo. Wannan gaɓar ce ake tsallakewa, kuma a kanta za mu daɗe yau.

[taswirar gabashin Turai, kibau uku]

Farkon labarin da gudu za mu wuce shi. Ranar 22 ga Yuni 1941 Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet da sojoji sama da miliyan 3 da tankoki sama da 3,000. Runduna uku, ɗaya ta nufi Leningrad, ɗaya ta nufi Yukren, ta tsakiya kuma ƙarƙashin Fedor von Bock ta miƙe hanyar Mosko. Minsk ta faɗi, Smolensk ta faɗi. A watan Agusta Hitila ya juyar da tankokin Janar Guderian kudu, aka yi wa Kiev zobe, aka kama fursunoni sama da 600,000 a Satumba. Sai ƙarshen Satumba zuwa 2 ga Oktoba aka koma kan Mosko gadan-gadan. Ku dubi saurin kibiyar nan. Ranar 3 ga Oktoba tankokin Jamus suka shiga Orel, motocin taragun cikin gari na ta aikinsu, mutanen garin ba su ma san abokan gaba sun iso ba. A Vyazma da Bryansk aka sake wani zoben, wasu sama da 600,000 suka sake faɗawa hannu. Ranar 16 ga Oktoba hankalin Mosko ya tashi, ana ƙona takardu a ofisoshi, jama'a na tururuwar ficewa gabas, an kwashe ma'aikatun gwamnati da jakadun ƙasashen waje zuwa Kuibyshev. Stalin, shugaban Sobiyet, dai bai fita ba.

To a nan za mu taka birki. Domin su ma a nan suka taka.

[hotunan laka, a bar su su yi tafiya]

Wajen 6 zuwa 7 ga Oktoba dusar ƙanƙara ta farko ta zubo, amma ba ta zauna ba, narkewa ta yi, ruwan sama ya biyo baya. Rasha ta wancan lokacin hanyoyin kwalta ƙalilan ne, yawancin abin da taswirar Jamusawa ta nuna musu a matsayin babbar hanya, turɓaya ce kawai da aka daddale. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye a tsakiyar Agusta ya ga motar buhuna ta kafe har gindi, kowa ya sauko ana turawa taya na juyawa a banza, to ya ƙaddara motoci dubbai ne a jere haka, kowace ta wuce sai ta ƙara dama taɓon ga ta bayanta. Ku kalli wannan. Wannan fa ba kogi ba ne, hanya ce. Ga doki can ya nutse har ciki.

Eh doki na ce. Wannan ma wani abin ne da ba a faye nunawa ba, saboda masu ɗaukar hoton Jamus tankoki suka fi so. Rundunar da ta shiga Rasha ta tafi da dawakai sama da 600,000, yawancin sojan ƙasa da ƙafa suka taka tun daga Poland, igwa da kicin da kayan asibiti duk doki ke ja. Manyan dawakan Turai masu son hatsi mai kyau suka dinga mutuwa, sai aka koma ƙwace ƙananan dawakan manoman Rasha da kekunansu, su ne kawai ke iya ratsa lakar. Motocin kuma kala-kala ne, wasu na Jamus, wasu an ƙwato daga Faransa, wasu na farar hula da aka tattaro, nau'i wajen 2,000. Ni makanikan rundunar nan nake tausaya wa wallahi. Mota ta lalace, ka je neman kayan gyara, na wannan ba ya shiga waccan.

Amma laka ma ba ita ce gindin matsalar ba, ta dai tona asirin abin da ke ɓoye tun farko. Ku saurara da kyau nan.

Soja a fagen daga ba ya cin jarumtaka. Kullum sai an kawo masa burodi, harsashi, fetur, abincin doki, magani. Daga iyakar da suka taso zuwa Mosko kilomita wajen 1,000 ne, kuma masu lissafin kaya na rundunar Jamus tun kafin a fara yaƙin sun san motoci ba za su iya ciyar da runduna fiye da wajen kilomita 500 daga inda jirgin ƙasa ya sauke kaya ba, saboda in tafiya ta yi nisa motar da ke dakon fetur ita ma shan fetur ɗin take yi. Kenan komai ya rataya a kan layin dogo. To layin dogon Rasha faɗinsa milimita 1,524 ne, na Jamus 1,435. Bambancin bai kai santimita 9 ba, amma ya isa ya hana jirgin Jamus hawa. Sun yi zaton za su kama kawunan jirgi da taragun Rasha da yawa su yi aiki da su, sai Rashawa suka janye mafi yawa gabas, wanda ba su iya janyewa ba suka fasa. Dole aka koma cire ƙusa ana matso da ƙarfen dogo, kilomita bayan kilomita. Kuma ko an matso da shi ba a gama ba, tashoshin shan ruwa na Rasha sun yi wa kawunan jirgin Jamus nisa da juna, gadoji a karye, siginoni a lalace, wurin sauke kaya babu.

[zanen jiragen ƙasa, rabi a dushe]

A watan Nuwamba rundunar tsakiya na bukatar jiragen kaya wajen 30 a kowace rana, abin da ke isowa wajen rabin haka ne. To yanzu ka zama kai ne mai rabon tarago. Ga harsashi, ga fetur, ga abinci, ga rigunan sanyi. Janar-janar na gaba na ta waya suna cewa saura ƙiris mu shiga Mosko, a turo mai a turo albarusai. Me za ka loda? Abin da suka loda kenan. Rigunan sanyin, waɗanda dama ba a tanada wa kowa ba don lissafinsu kafin hunturu an gama yaƙi yawancin soja sun koma gida, suka zauna a rumbuna da tashoshin Poland. Saboda haka in kun ga sojan nan na bidiyon da mayafin mata a ka, ba wai Jamusawa sun manta ana sanyi a Rasha ba ne, haba, mutanen da suka yi yaƙi a can a yaƙin duniya na ɗaya. Zaɓi aka yi, aka zaɓi harsashi a kan riga, aka yi cacar cewa za a gama kafin a bukaci rigar.

Yanzu ga wurin da nake so kowa ya riƙe. Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba tafiya ta koma rarrafe, kwamandojin Jamus jiran me suke yi? Jiran sanyi. Don in ƙasa ta daskare laka ta zama dutse, taya ta samu abin takawa. Haka kuwa aka yi, cikin makon farko da na biyu na Nuwamba ƙasa ta ƙanƙare. Ranar 13 ga wata Janar Halder, babban hafsan sojan ƙasa, ya tara hafsoshin rundunoni a Orsha ya ce a ci gaba. Akwai waɗanda suka nuna masa sojoji sun gaji, kaya babu, hafsan Guderian ma ya tuna masa cewa yanzu ba watan Mayu ba ne kuma ba a Faransa ake ba. Duk da haka aka ce a tafi. Ranar 15 da 16 ga Nuwamba farmaki ya sake tashi, a kan daskararriyar ƙasa. Wato sanyin farko abokin Jamus ne, shi ya sake buɗe musu hanya.

Amma wa ya rage ya bi hanyar? Zuwa ƙarshen Nuwamba Jamus ta yi asarar sojoji sama da 700,000 a gabas, matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, kusan ɗaya cikin huɗu na rundunar da ta shiga, kuma waɗanda suka fi ƙarewa su ne na sahun gaba, ƙananan hafsoshi da saje-saje masu gogewa. Rundunar tankokin da ta fara yaƙi da tanka 150 ko 200, wata sai ka ƙirga 'yan gomomi masu motsi. Mafi yawan wannan ɓarnar an yi ta ne tun rani da kaka, a Smolensk, a Yelnya, a wurare da yawa da ba wanda ke sa su a bidiyo. Rashawa suna faɗuwa da yawa, amma ba sa faɗuwa a banza.

[taswira, kibau na matsowa a hankali]

Ku dubi yadda kibiyar ke tafiya yanzu, ku kwatanta da ta Oktoba. A arewa sun ci Klin, sun ci Solnechnogorsk, ranar 28 ga Nuwamba suka tsallaka mashigin ruwan Mosko da Volga a Yakhroma, aka koro su. Sun kai Krasnaya Polyana, wajen kilomita 30 daga fadar Kremlin. A kudu Guderian ya yi ta kewaya Tula, garin ƙera makamai, garin ya ƙi faɗuwa, sojan doki na Janar Belov suka tare shi a kusa da Kashira. Yau in mutum ya sauka filin jirgin Sheremetyevo ya nufi cikin gari, a Khimki zai ga wasu manyan ƙarafa uku a gicciye irin na tare tanka, an kafa su don tunawa da inda tafiyar ta tsaya a wannan ɓangaren. Labarin cewa wasu sojojin Jamus sun hango hasumiyoyin Kremlin da tabarau kuwa, ni dai ban cika saye ba, tsofaffin soja sun iya gyara labari.

A hanyar Volokolamsk akwai runduna ta 316 ta Janar Panfilov, an haɗa ta ne a Alma-Ata, cikinta da Kazakawa da Kirgizawa da yawa, sun yi faɗa na gaske, shi kansa Panfilov an kashe shi ranar 18 ga Nuwamba. Su ma Rashawan ba a bar su a baya wajen ƙarin gishiri ba, labarin da ake bayarwa na jarumai 28 na wannan rundunar da suka tare tankoki suka mutu gaba ɗaya, binciken masu gabatar da ƙara na sojan Sobiyet a 1948 ya gano 'yan jarida ne suka tsara shi, wasu daga cikin matattun ma suna raye. Rundunar ta yi abin a yaba, ba ta bukatar ƙarin.

Ranar 29 ga Nuwamba ministan makamai na Jamus, Fritz Todt, ya faɗa wa Hitila cewa yaƙin nan ba za a iya cin sa da ƙarfin soja ba. Ku lura da kwanan watan. Mugun sanyin bai iso ba tukuna.

Ya iso ne a farkon Disamba, wajen 4 zuwa 6 ga wata, awon ya faɗa 30 ƙasa da sifiri har ya zarce. Nan ne hotunan bidiyon can suka fito. Man bindiga ya daskare, bindiga mai sarrafa kanta ta ƙi tashi, inji sai an hura masa wuta, bututun ruwan kawunan jirgin ƙasa na Jamus suka dinga fashewa saboda a waje suke, ƙarancin kayan ya ƙara muni. Takalmin sojan Jamus mai ƙusoshi a tafi kuma matsattse, yana jawo sanyi kai tsaye cikin ƙafa, yatsu su yi baƙi sai yankewa. A daidai ranakun nan Guderian ya dakatar da farmakinsa da kansa.

Kuma a daidai ranakun, 5 ga Disamba Janar Konev na Sobiyet ya buɗe wuta daga wajen Kalinin, 6 ga wata Janar Zhukov, mai jagorantar tsaron Mosko, ya biyo baya. Daga ina suka samo sojoji bayan duk waccan asara? Amsar da aka saba bayarwa ita ce sojojin Saiberiya, wai ɗan leƙen asiri Richard Sorge ya aiko daga Tokyo cewa Japan ba za ta kawo hari ba, sai Stalin ya kwaso su. Akwai gaskiya a ciki, runduna ta 32 ta zo daga gabas mai nisa ta yi faɗa a Borodino tun Oktoba, ta 78 ta Beloborodov ta riƙe wajen Istra. Amma yawancin waɗanda suka kai farmakin Disamba sababbin rundunoni ne da aka tara daga cikin ƙasa, aka ɓoye a bayan Mosko, Stalin ya ƙi sakin su ko da Zhukov na kukan a ƙaro masa mutane. Leƙen asirin Jamus ya ce Rasha ba ta da sauran ajiya. Kuma ku dubi taswirar dogo, manyan layukan ƙasar a Mosko suke haɗuwa. Su Rashawa jirgi na sauke musu soja da kaya kusan a bakin daga, su Jamusawa nasu na maƙale kilomita ɗaruruwa a baya.

Sannan sanyi ba ya tambayar fasfo. Sojan Rasha ma ya ji shi, ba kowa ne ya samu farar riga da takalmin gashi irin na hotunan farfaganda ba, kuma shi ne ma ke fitowa fili yana kutsa dusar ƙanƙara har gwiwa yayin da Bajamushe ke cikin ɗakin ƙauye yana harbi. Abin da sojan Rasha ya fi Bajamushe da shi, kayansa an yi su don ƙasar. Tankar Rasha T-34 sarƙarta ta kai wajen rabin mita a faɗi, ta fi ta tankokin Jamus, ba ta nutsewa da sauri, man bindigarsu kuma na jure sanyi.

Faɗan lokacin ya koma na neman ɗaki. Wanda ya riƙe ƙauye ya kwana da rai, wanda aka kora daji ya mutu. Shi ya sa ɓangarorin biyu suka dinga ƙona ƙauyuka, Stalin ya ba da umarnin haka ranar 17 ga Nuwamba don a hana Jamusawa mafaka, su kuma Jamusawan in za su ja da baya sai su cinna wa komai wuta, bayan sun tuɓe wa manoma riguna da takalma sun kora mata da yara waje. In ana maganar wanda sanyin 1941 ya kashe, a fara da waɗannan, da fursunonin yaƙin Sobiyet da aka tara a filaye cikin waya ba rufi ba abinci. Zuwa Fabrairun 1942 wajen miliyan 2 daga cikinsu sun mutu a hannun Jamus. Hotonsu ba ya yawo a waya.

[taswira, kibau sun juya yamma]

Sauran da sauri. An ƙwato Klin 15 ga Disamba, Kalinin 16 ga wata, Kaluga a ƙarshen wata. Hitila ya ce ba wanda zai ja da baya, kowa ya tsaya inda yake. Ya sallami kwamandan sojan ƙasa Brauchitsch ranar 19 ga Disamba ya naɗa kansa a madadinsa, Bock ya tafi, Guderian ya tafi, Hoepner, wani kwamandan tankokin, ya bi su a Janairu. A tsakiyar wannan rikicin ne fa, 11 ga Disamba, ya ga ya dace ya ƙara da shelanta yaƙi a kan Amurka. Goebbels, ministan farfagandar Jamus, kuma ya hau rediyo yana roƙon jama'ar Jamus su kawo rigunan sanyi da safa da barguna, to daga nan ne irin su gyalen mata da rigunan gashi suka ƙaru a fagen daga. Zuwa farkon Janairu an tura Jamusawa baya kilomita 100 zuwa 250.

Janar-janar ɗin Jamus da suka tsira su ne suka rubuta tarihin rayuwarsu bayan yaƙi, kuma ɗora laifi a kan sanyi da Hitila ya fi musu daɗi a kan su ce lissafinmu ne ya kwafsa, ko su ce mutanen da muka raina ne suka doke mu. Irin uzurin da aka yi wa Napoliyon na Faransa ne da ya shiga Rasha a 1812, alhali shi ma yawancin rundunarsa yunwa da cuta da gudu sun cinye ta kafin ƙanƙara, a kogin Berezina ma abin da ya cuce shi narkewar ƙanƙara ce, da kogin a daskare yake da sun taka sun wuce.

Stalin shi ma nasara ta hau masa kai. A Janairun 1942 ya ce a kai farmaki ta ko'ina lokaci ɗaya, daga Leningrad har Kirimiya, Zhukov ya so a tattara ƙarfi wuri ɗaya ba a saurare shi ba. Sai abin da ya samu Jamusawa ya samu Rashawa, suka yi nisa da layin dogonsu, harsashin igwa ya yanke, runduna ta 33 ta Janar Yefremov ta kutsa har kusa da Vyazma aka datse ta ta baya, zuwa Afrilu an gama da ita. A Rzhev kuma aka shiga wata irin mahauta da ta ci rayuka har 1943. A Demyansk Rashawa sun yi wa Jamusawa wajen 100,000 zobe, jiragen sama suka yi ta kai musu abinci da harsashi har aka buɗe musu hanya, kuma wannan tsirar ce ta sa Hitila da Goering, shugaban sojan samansa, suka yarda za a iya maimaita haka a Stalingrad a Nuwamban 1942. Wannan sai bidiyo na gaba, don nan ma akwai gaɓar da ake tsallakewa.